Lai'atu Meshak da Dutsen Niƙa na Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana. Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To ku gyara zama, amma ku sani wannan ba tatsuniya ba ce. Mai ita tana nan da ranta, tana cin tuwo kamar kowa.

Farfesa Lai'atu Meshak, 'yar Kafanchan, ita ce mataimakiyar shugaban jami'a da ta ajiye aiki a wannan wata. Waɗanda suka yi aiki da ita sun ce ƙarfe bakwai na safe bai taɓa yi mata a gida ba. Takan riga masinja isa ofis, ta tsaya a baranda ta gaisa da masu shara, kowacce da sunanta, har ta tambayi mai ciwon ƙafa yadda ƙafar ta kwana. Sannan ta buɗe ƙofarta ta bar ta a buɗe. Ɗalibar da ake shirin kora da malamin da aka danne wa ƙarin girma, duk layi ɗaya suke bi, kuma ba ta katse kowa. Wannan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne inda ta koyi sauraro, kuma shi na zo in faɗa muku.

A daminar 1974 Lai'atu ƙaramar malama ce a sashen tarihi, tana neman babban digiri. Ta ce za ta rubuta tarihin matan da suka ɗebi ruwa da tsakuwa lokacin da aka shimfiɗa layin dogo zuwa Kafanchan. Marigayiya mahaifiyarta ta taɓa gaya mata an yi haka, amma takardun da ta duba duk maza suka ambata. Shugaban sashen, wani dattijo mai tabarau, ya ce mata: "Malama, tarihi na masu barin takarda ne. Ki je gida wannan dogon hutu. In kika dawo a Oktoba ba shaida, za ki bar maganar matan nan ki ɗauki tarihin sarautu kamar kowa."

Sai ta hau jirgi ta sauko gida da rikoda da kaset-kaset. Kowa ta tambaya sai ya nuna mata gida ɗaya, gidan Kaka Afiniki, tsohuwar da ta doshi saba'in, wadda aka ce tana budurwa ta ɗauki tulu a wannan aiki.

Lai'atu ta yi abin da aka koya mata a makaranta. Ta zaunar da tsohuwa a kujera ƙarƙashin mangwaro, ita kuwa Kaka ta ɗauro zanen zuwa coci. Aka kunna rikoda.

"Kaka, ki ba ni labarin aikin layin dogo."

"Ni? Ɗiyana, ni ban san komai ba. Je ka tambayi maza."

Gobe haka, jibi haka, har mako uku. Kaset biyu suka cika da kukan kaji da "ban sani ba".

To ga inda alheri ya zama kuskure. Tun ranar da ta iso, Lai'atu ta ga dutsen niƙa a gindin rumbu, ta dubi bayan tsohuwa da ya ranƙwafa, sai tausayi ya kama ta. Kullum da sassafe takan ɗauki dawar Kaka ta kai injin Zamani, mai injin niƙan da ke bakin kasuwa, ta dawo da gari lukwi. Kaka takan karɓa ta ce, "Allah ya sa albarka."

Maƙwabciya ce ta fasa ƙwai, Mama Magdalene, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, mace mai baki kamar barkono. Ta tare Lai'atu a hanya, da kwanon dawa a kanta.

"Ticha, tun da kika zo unguwan nan ya yi shiru. Kin kashe mana rediyo."

"Wane rediyo, Mama?"

"Ga shi a kanki! Tsohuwa in tana niƙa, har gidanmu muna jin sunayen mutane suna fita a waƙa kamar ana kiran rajista. Ke kuma kin kai wa Zamani. Ko injin Zamani ya san sunan kakanki?"

Nan take Lai'atu ta juya da kwanon.

Washegari ta zuba dawa gaban dutse, ta ajiye rikoda. Kaka ta durƙusa ta niƙe dawar tas, bakinta a rufe. Da ta gama sai ta nuna wani dutse na biyu da aka kifa a bayan rumbu, gansakuka ta rufe shi.

"Waƙan nan na mutum biyu ne," in ji ta. "Ɗaya ya ba da, ɗaya ya amsa, duwatsu kuma su tafi tare. Mai amsa mini ƙanwana ne, bara waccan muka binne shi. Akwatinka yana amshi?"

"Ba ya yi, Kaka."

"To."

Lai'atu tun tana 'yar shekara tara aka kai ta makarantar kwana ta mishan, hannunta bai san dutse ba. Amma ta kira mata biyu suka tayar da dutsen, ta wanke shi, ta ɗaure zane a ƙugu, ta durƙusa.

Wayyo, 'ya'yana, ranar an sha kallo! Dawa tana tsalle tana tsere mata, kaji suna godiya. Mama Magdalene ta ɗebi abin da ya fito ta murza a yatsa ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga garin jami'a! Wannan tsaki ne, ko 'yan tsaki sai sun nemi ruwa." Zamani kuwa da labari ya kai masa, har gida ya zo da kekensa. "Malama, duk karatun nan don ki koma dutse? Duniya yana gaba, ke kina ribas!"

Ta ce, "Baba Zamani, abin da na bari a baya na koma ɗauka."

Kwana uku tafin hannunta ya yi bororo, na huɗu ya fashe. Ta naɗe shi da tsumma ta koma. Kaka ba ta ce sannu ba, ba ta ce bari ba. Iyakarta in dutsen Lai'atu ya riga nata, sai ta tsaya cak ta zuba mata ido har ta daidaita. Satumba ta kama, ba ko baiti ɗaya a kaset.

A safiya ta tara, duwatsun biyu suka faɗa tafiya ɗaya, gaba tare, baya tare. Ba wanda ya ce a fara. Sai kawai muryar tsohuwa ta tashi da yaren gida, siririya, ta kira sunan wata mace da sunan ƙauyensu, ta tsaya. Lai'atu ta maimaita sunan da ƙauyen, domin amshin ke nan. Kaka ta kira na biyu. Mata talatin da bakwai ta jera kafin dawar ta ƙare: wadda ta fi kowa babban tulu, wadda ta haihu a gefen layi ta koma aiki da goyo, da wadda ta sa matan gaba ɗaya suka kife tulunansu yini biyu har shugaban lebura ya daina dukan masu ciki. Mama Magdalene tana tsaye a bakin zana, bakin nan mai barkono ya mutu, domin ta ji sunan uwarta.

Lai'atu ba ta tsaya nan ba. Ta bi sunayen ƙauye-ƙauye a bayan motar citta, cikin taɓo, inda mota ta maƙale ta taka da ƙafa. Ta tarar da shida daga cikin matan da ransu, kuma kowacce, ba tare da ta ji kaset ba, ta ba da labarin kife tulunan.

Oktoba ta yi. Ta kunna kaset gaban malamai biyar. Shugaban sashe ya saurara kaɗan ya girgiza kai. "Malama, ni ƙarar dutse kawai nake ji."

Ta kashe rikodar. Ta miƙe tsaye, ta rera waƙar da bakinta, suna bayan suna, tana fassarawa, ba ta duba takarda ba. Sannan ta ajiye bayanin mata shidan nan a kan tebur, da hannun da bai gama warkewa ba. Dattijon ya dubi takardun, ya dubi hannun. Ya ce, "Sake faɗa mini sunan mai kife tulu." Ta faɗa, ya rubuta da kansa, ya sa hannu a kan aikinta.

Lai'atu, ke ce kika gane cewa matanmu ba su rasa tarihi ba, wurin ajiyarsa ne daban. Ke ce kika sauko daga kujera kika je inda maganar take. Dutse mai haƙuri, wanda ke mai da tsaba gari! Da kika zama shugabar sashe, ɗalibanki sun shaida ba ki taɓa barin ɗayansu ya tafi ƙauye da tambayoyi kaɗai ba. Kikan ce ya fara gano aikin da mai labarin ke yi, ya kama masa. Wasu sun yi ferayar citta, wasu sun yi sussukar acca, har da wanda ya koyi ginin tukunya. Mun gode, 'yar Meshak. Ubangiji ya ƙara miki kwanaki masu lafiya.

Ku kuma masu karatu, akwai tsohuwa a gidanku da kullum take cewa ba ta san komai ba. Kada ku yarda da ita. Ku kama mata aiki, ku rufe baki, kuma kada ku bari sai baɗi.

Kaka Afiniki ta rasu a 1978, bayan an karanta mata littafin da Lai'atu ta rubuta a gaban jikokinta, ta kuma gyara sunan ƙauye ɗaya. Zamani ya kwashe injinsa ya koma Jere. Mama Magdalene tana Sabon Tasha wajen ɗanta, ido ya tafi, baki yana nan. Shugaban sashen ya yi ritaya, daga baya ya kawo 'yarsa da kansa ta yi digiri a hannun Lai'atu. Ita kuwa Farfesa ranar Juma'a za ta dawo Kafanchan da zama. Ta ce saura mata huɗu a cikin talatin da bakwai ɗin nan da har yau ba ta gano zuriyarsu ba, kuma ranar Litinin za ta fara nema.