Katin da Ba Ya Ƙetare Ruwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke saukar da cuta, Shi ke ɗauke ta. Na saba rubuta abin da ya same ni da ajami, a hankali, in ajiye. Wannan karon da boko na rubuta, domin maganar ta shafi 'ya'yanmu fiye da ni.

Ina da yaya mace wadda ta goya ni. Tun rasuwar mijinta take zaune da babban ɗanta, masunci, a ƙauyenmu na bakin tafki kusa da Warra. Sana'arta banda. Ɗan ya kamo kifi, ita ta gyara, ta wanke, ta jera bisa wuta har ya bushe ya yi ja. Ciwon suga ya kama ta shekarun baya, amma bai hana ta aiki ba.

Wanda bai san tafkinmu ba ya kamata in gaya masa cewa ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Farin ruwa yakan zo da damina, baƙin ruwa ya biyo shi da sanyi, tafki ya cika har kusa da dangar gidajenmu. A lokacin kowa na gida. Da bazara kuwa ruwa yakan ja baya, kifi ya koma can ciki, sai masunta su kwashe komatsansu su bi shi. Su kafa tunga a wani gungu, wato tsibiri, ko kusa da waccan gaɓar, bukkokin ciyawa ne kawai, su zauna har ruwa ya dawo. Yaya ba ta taɓa fashin zuwa tunga ba.

Wata Juma'a bayan an sallame aka yi shela cewa gwamnati ta kawo inshorar lafiya. Mutum ya ba da wani abu sau ɗaya a shekara, a ba shi kati, in ciwo ya zo a duba shi a ba shi magani. Da na ji, sai na tuna baya. Ina yaro na ga mutanen gwamnati sun zo gungun da aka haife mu da alƙaluma, suna murmushi, suna rubuta sunan kowa. Bayan rubutun aka tashe mu, ruwa ya ci garin. Kabarin kakanninmu yana ƙarƙashin tafkin nan har yau. Tun daga ranar, duk wanda ya zo yana son sunana, sai na dube shi da kyau.

Ana cikin haka Sallah ta zo, ɗana da ke aiki a wani kamfani a birni ya zo gida. Bayan cin tuwo muka zauna gindin mangwaro, ni da Yaya da shi da ɗanta. Su biyun taubasai ne, tun suna ƙanana kowanne ke cewa ɗayan bawansa ne. Masuncin ne ya tayar da maganar kati.

Ɗana ya ce, "Baba, kada ku soma. Abin gwamnati ne fa. Ranar da kuka je za a ce magani ya ƙare, ku tafi kemis ku saya. Mu namu na kamfani ne. Kati kawai kake nunawa, ko layi ba ka bi, ga sanyin iyakwandishan."

Masuncin ya ce, "To madalla, bawana ya ci gaba. Tunda naku yaf fi, sa Inna ciki mana. Ko ba goggonka ba ta?"

"Kai, ɗan su, ba haka ake yi ba. Namu mata da 'ya'ya kawai yake ɗauka."

"Kawu hwa? Shi da yah haife ka?"

Ɗana ya shiga gyara hularsa. A ranar na fara sanin cewa ni ma ba na ciki. Yaya ta yi dariya har da tari, ta ce, "Malam, ashe ni da kai duk waje muke."

Kunya ta sa ɗana ya ce akwai irin wanda mutum ke saya da kansa, zai tambayo wa goggonsa. Ya kuwa tambaya, ba zan zalunce shi ba. Bayan ya koma ya kira ni. Ya ce 'yan kamfanin sun tambayi shekarunta, sun tambayi ko tana da wani ciwo, da suka ji suga sai muryar ta sake. Asibitocin da suke hulɗa da su kuma duk a manyan birane suke, babu ko ɗaya da Yaya za ta iya zuwa ta dawo a yini.

Na daɗe ina juya abin a raina, musamman ta fuskar addini. Biyan kuɗin ciwon da bai zo ba, shin ba raunin tawakkali ba ne? Sai na tuna abin da muke yi a mashigin ruwa. In mai jirgi ya kwanta ciwo, kowane jirgi da ya dawo yakan ware wani abu daga kamunsa a kai gidansa har ya tashi. Ba wanda ya taɓa cewa wannan rashin dogaro da Allah ne. Amma a nan kana ganin mutumin, kana ganin kifin ya shiga kwanon matarsa. Shi kuwa kati, hannun da ba ka gani ba kake miƙa wa. Na kamfani ɗan kasuwa ne, ribarsa ita ce kada ka yi ciwo, ko in ka yi kada ya biya. Na gwamnati an ce ba riba yake nema ba, to amma in ya saɓa alkawari, ban san fuskar wa zan duba ya ji kunya ba. Duka biyun ban yarda da su ba. Sai dai ɗaya ya ƙi Yaya, ɗaya ya ce ta zo.

Ni na raka ta yin katin gwamnatin. Malamar asibitin ƙauyenmu ce ke rubutawa, yarinya mai haƙuri, Hausarta da ɗan harshen Kambari a ciki. Na yi mata tambayoyi har na gaji da kaina. Hoton na mene ne? Yatsan da ake dangwalawa ina yake zuwa? Wa ke riƙe kuɗin? Ta amsa abin da ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Sannan ta juya ga Yaya.

"Inna, ina ne gida?"

Yaya ta faɗi sunan ƙauyenmu.

"To, asibitinki wannan ne ke nan."

"Da wane kuma, ɗiyata?"

Shi ke nan. A wurinmu gida shi ne inda aka binne mijinki, inda kike yin Sallah. Tunga kuwa, ko rabin shekara mutum yake yi a can, ba mai kiranta gida. Bai faɗo wa kowa a cikinmu ba cewa wurin da ake bin kifi abin ambato ne a gaban ma'aikaciya.

Gaskiya a watannin cikar ruwa katin ya yi aiki. Ana auna mata suga, ana ba ta ƙwayoyi. Wani zuwan akan ce ɗaya daga ciki ya ƙare, mu saya a kemis. In na gaya wa ɗana a waya sai ya ce, "Ai na faɗa, Baba." Ni ma a raina nakan ce na faɗa.

Bazara ta yi, suka tafi tunga. A can, tana gyaran kifi ba takalmi, ta taka ƙayar kurungu. Kurungu kifi ne mai ƙaya kamar allura a baya da haƙarƙari, ba wanda ke aikin kifi da bai sha sukarsa ba. Ta cire, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki. Amma ciwo a ƙafar mai suga ba kamar na kowa ba ne. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari.

Ɗanta ya sa ta a jirgin inji ya nufi gaɓar da ta fi kusa, ta yamma. Kowane masunci abin da zai yi ke nan. Mutanen can namu ne, kasuwa ɗaya muke ci, muna auren juna, ba mu taɓa ganin layi a kan ruwa ba. Ma'aikacin asibitin can ya karɓi katin, ya juya shi, ya ce wannan na wata jiha ne, kuma ko a jihar ma asibiti ɗaya aka ɗaura shi a kai. Bai yi musu wulaƙanci ba. Ya wanke ciwon, suka biya, ya ce ƙafar nan babban asibiti take so.

Yaron ya fita da fushi. Bai fahimci cewa katin yana da rai a gaɓarmu ba. Abin da ya ɗauka shi ne an cuce su, kamar yadda ake ta faɗa tun farko. Ya mayar da uwarsa tunga, aka koma ga saiwa da ganye. Ga kamu yana kyau a lokacin, ga iskar farkon damina ta fara tashi da yamma, ƙetarewa sai da shiri.

Wani mai jirgi da ya kawo banda zai wuce kasuwar Yelwa shi ya tsaya ya gaya mini. Na kira yaron.

"Kawu, katin banza na. Kai ma ka hwaɗi."

"Na ce ban yarda da su ba, ban ce ka zauna da uwarka tana ruɓewa ba. Gobe da safe kafin iska, ka kawo mini yayata."

Da hantsi suka iso. A kafaɗa ya ɗauko ta daga jirgi. Malamar asibiti ta kwance tsumman, na ga fuskarta ta canja.

"Haba Inna! Me ya hana ku zo nan tun farko?"

"Mun je asibiti, ɗiyata. Asibiti ba asibiti ba na?"

"Katinki nan kaɗai ya sani. Daga nan ne mu kuma muke tura ki gaba."

"Ai ba ki hwaɗa min ba ya iya ruwa ba."

Daga baya yarinyar ta ce mini ita ma ba a taɓa koya musu abin da za su yi da mutanen da ke bin kifi ba.

Ta tura mu babban asibiti. A can aka ce sai an sami izini daga ofishin masu inshora kafin a taɓa ta, kuma na'ura ba ta kamawa. Muka zauna a baranda, rana tana ta tafiya, ina jan carbi, ina kallon ƙafar. Ban san ko da gaske na'urar ce ba, ko wani ne a wani wuri bai dawo daga cin abinci ba. Bayan la'asar izinin ya zo.

Likita ya duba, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zai gwada tsayawa a babban yatsa, amma in ya tarar ciwon ya hau, daga idon sawu za a cire. Yaya ta kama rigata.

"Malam, ka gaya mai. Ni da ƙahwata za a binne ni."

Ban gaya masa ba. Na ce mata ta yi salati, ni ma na yi.

Allah Ya taƙaita, yatsan kaɗai aka cire. Katin ya ɗauki aikin da gadon, wasu allurai kuma muka saya a waje. Ɗana ya zo daga birni da lemo da madara, ya tsaya bakin gado ya ce, "A namu da ba a yi wannan jiran ba." Taubashinsa, wanda kwana da kwanaki bai yi dariya ba, ya ce, "A naku ko baranda ba mu samu ba, bawan Allah." Yaya ta ce su fita su ba ta wuri.

Ta warke a gidana. Ruwa ya cika, ya sake ja, lokacin tunga ya zagayo. Malamar ta ce ƙafar mai suga da aka taɓa yanka tana son a riƙa dubawa a kai a kai, ƙaramin tsagu ma kada a bari ya kwana. Na tambaye ta ko za a iya mayar da katin waccan gaɓar na 'yan watanni. Ta ce ta tambaya, an ce babu hanya. Na ce wa ya yanke cewa kati ya tsaya a tsakiyar ruwa? Ta ce daga sama ne. Har yau ban san ko wane ne saman nan ba, kuma ban ga alamar ya taɓa shiga jirgi ba. Da wa'adin katin ya cika na sake kai ta aka sabunta, zuciyata ba ta kwanta da shi ba, amma ba ni da wani.

Zaɓi ya rage wa Yaya: ko banda, ko ƙafa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ranar tafiya ta sa takalmin roba, ta bi su har mashigi, na ɗauka shiga za ta yi. Ta tsaya tana kallon ana loda raga da tukwane, tana gaya wa surukarta irin icen da ba a sa wa kifi don yana sa ɗaci, da yadda ake juya manya kafin ƙanana. Ɗanta ya miƙo mata hannu daga cikin jirgi. Ta ce, "Ku tai. Allah Shi ba da sa'a."

Muka tsaya har ƙarar injin ta ɓace. Na ba ta kafaɗata don ta dafa, ta ture hannuna. Ta juya ta hau gangaren da kanta, a hankali, tana ɗan ɗingishi, ni kuma ina biye da ita.