Ƙasar da Aka Hana Ganye

Ni ba na cikin masu cewa kakarsu mai taushin zuciya ce. Inna Hajo, mahaifiyar babana, ba ta taɓa ba mu tatsuniyar da ta ƙare da biki ba. A gidanmu na Illela, da an sauke tuwon dare sai mu kewaye murhu, ita tana gyara itace da ƙafarta, mu muna jiran mu ji wa za a cinye yau. Duk da haka ban taɓa fashin zama ba, don babu mai bakinta a unguwar.

Shekarar da nake magana, babana ya ƙudura zai sare gawon da ke gonarmu ta hanyar Kalmalo, ya dasa itatuwan turare, saboda sandunansu na rufi suna kuɗi a Konni. Inna ta san abin da gawo yake yi. Yakan zubar da ganyensa da farkon damina, ruwa ya jiƙa shi, gara ta ja shi ƙasa, ya ruɓe ya zama taki, shi ya sa geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina. Amma babana ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Sai ta jira daren da ya shimfiɗa tabarma kusa da mu yana jin rediyo.

"Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau," ta ce, da murya fiye da yadda ta saba.

Wai an yi wani mutum mai ƙin ganin ganye a ƙasa. Ya sare itatuwan da ya gada, ya dasa baƙi masu miƙewa sambal, waɗanda ganyensu ba ya ruɓewa. Ƙasa ta ce masa, ganye ne abincina, ka bar mini. Ya yi banza da ita. Da yunwa ta kama ƙasa, ya shuka iri ta haɗiye ba ta mayar ba. Ya ɗaure akuya, da safe sai igiya. Rannan ɗiyarsa ta kawo masa fura gona, ƙafarta ta nutse. Ya ja, ƙasa ta ja. Ya kwaso ganyen baƙin itacensa ya zuba mata, ta tofar.

"Inna, mi as sunan ɗiyar?" in ji ƙanena.

"Ige," ta ce, tana kallona.

Sunana ke nan. Ta ci gaba ba ta ko rage murya ba: ƙasa ta kai Ige gwiwa, ta kai ta ƙugu, yarinyar tana kiran Baba, Baba. Na fashe da kuka na ce a fid da ita. Inna ta ce, "Wa zai fid da ta? Ubanta na can yana auna sanduna." Aka bar ɗankwali a kan ƙasa, tatsuniya ta ƙare. Babana ya kashe rediyo ya shige ɗaki. Na daɗe ina tsoron taka ƙasa mai laushi.

Bai fasa ba. Ya sare gawon, ya dasa turarensa, ya ce zai riƙa shuka gero a tsakani. Da farko an samu. Da itatuwan suka tashi sai suka shanye ruwan gonar, ganyensu kuma ya yi ta taruwa, busasshe mai ƙamshin magani, akuya ba ta ci, gara ba ta ɗokinsa. Ka tone shi sai ka tarar da ƙasa fara fat, tauri kamar daɓe. Geron ya ƙi wuce gwiwa. Sandunan kuma ba su isa sara ba, rumbu ya riga ya ƙare. Aka duba bakunan da ke gidan, aka ce a rage ɗaya, a kai ni riƙo wajen gwaggona a Konni.

Yanzu da na girma, duk sanda na ga ana share ganye ana cinna masa wuta sai raina ya ɓaci, don na san abincin wani ake ƙonawa. Wannan darasin na Inna ne, kuma gaskiya ne. Abin da na kasa yafe mata shi ne, da ni ta yi bulala don ta daki ɗanta, kuma ba ta taɓa tambayar ko ta yi mini zafi ba.

Ranar tafiyata, mai babur yana ɗaure ƙunshin kayana, na durƙusa in yi mata sallama. Na zaci za ta riƙe hannuna. Sai ta ɗaga kai ta dubi bayan babana, ta ce da bango, "A gaya ma mai gidanga, ga ta nan, ƙasa ta fara ci." Ban sake kwana a gidanmu a matsayin 'yar gida ba.