Gidan da Ya Sha Fenti

Dattijon da ake kira Don Evaristo Peguero magini ne, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Gidansa na can ƙololuwar tudu, da hannunsa ya ɗora shi tun yana ji da ƙarfi. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, kwanon rufi ya yi tsatsa, ruwan sama a bokitai yake sauka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne teburin wasan domino na dandalin gari, inda kowa ya san kujerarsa. Yau sai dai ya hango ta daga sama.

Ga kuma Nicanor, abokin ƙuruciyarsa, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a gidan rawa da giyar rake. Da ƙaramar hukuma ta gina wa tsofaffi ɗakuna masu arha a bakin dandalin, shi aka fara miƙa wa makulli, don ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Ɗaki a ƙasa, ba matakala, har da fanka. Tun ranar kofi ya daina yi wa Don Evaristo daɗi a baki. Ƙyashi ne tsagwaronsa, ba wani abu ba.

Sai aka yi doka cewa kowace ƙaramar hukuma ta riƙa kai rahoton tsofaffinta, su wa ke da matsuguni na kirki, su wa ke buƙata. Da wannan rahoton za a raba sababbin ɗakuna. Nicanor ne ya hau tudun yana haki ya kawo labarin.

"Mutumina, ran Talata mai dubawa za ta zo. Ka bar bokitan nan a inda suke ta gani. Zan rako ta in sa maka baki."

"Ka sa wa wa baki? Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa ginawa ba?"

Wato Nicanor ya tsaya a tsakiyar ɗakinsa yana tausaya masa a gaban baƙuwa? Ina! A garin nan ba a tarbar baƙo da bango mai dauɗa. Don Evaristo ya shafe gaban gidan da shuɗin fenti, yana yi yana cije leɓe saboda gwiwa. Ya tura bokitan ƙarƙashin gado, ya rufe tsagar bango da hoton marigayiya matarsa. Ran Talata ya sa farar riga, ya dafa kofi, ya soya ayaba.

Mai dubawar, wata matashiya mai suna Yuderka, ta iso tare da Nicanor, ta zauna tana share gumi.

"Baba, hawan nan ba ya wahalar da ku?"

Ya saci kallon Nicanor. "Wahala? Motsa jiki ne, 'yata. Ni ba irin wasu ba ne, da sai gwamnati ta yi musu shimfiɗa."

"Rufin fa, ba ya yoyo?"

"Ni na buga shi."

Ta yaba gidan ƙwarai, ta sa shi cikin masu matsuguni na kirki, ta yi sallama. Nicanor ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Kai Evaristo, Allah ya shirye ka. Ɗakin da za a gina jikin nawa na roƙa maka. Na gaji da yin wasa da waɗanda ba su iya ba."

Girman kai dai rawanin tsiya ne, Don Evaristo kuma ya naɗa nasa da kyau.

Ɗakin ya faɗa hannun wani tsohon mai gyaran takalma, wanda ya gaje har kujerar domino. Da damina ta sauka, Don Evaristo ya durƙusa da ƙyar ya jawo bokitan daga ƙarƙashin gado. Daga dandali kuwa, duk tudun babu gidan da ya kai nasa kyau.