Baba Mai Caja da Igiyar da Ya Bi Har Gida

Kafin mu masu aikin safe mu iso asibiti, Baba Mai Caja ya riga ya share gaban rumfarsa, ya yayyafa ruwa, ya rataye igiyoyin caja a jikin ƙusoshi. Rumfar ma ba wata rumfa ba ce, teburi ne da laima da benci, a tsallaken titi tana kallon ƙofarmu. Idan ya gama jere sai ya zauna, ya ɗora faranti a cinya, ya riƙa ɗauko igiya ɗaya bayan ɗaya yana naɗa mata jan zare a wuya, daidai inda take haɗuwa da bakin da ake cusa wa waya. Ya ɗiga gam, ya hura, ya ajiye. A wuyan nan igiya take fara mutuwa, in ji shi, don nan ake lanƙwasa ta, nan kuma ake fizgarta. A haka na same shi lokacin da na fara aikin jinya a ɗakin masu haihuwa, ga shi yanzu 'yata ta fari ta fi ni tsawo.

Waɗanda suka san ni sun san bakina bai saba yabo ba. Abokan aikina cewa suke ko jariri ya fito tas sai na samo masa aibu a kunne. Na yarda, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, wannan dattijo ya jima da yatsunsa, kuma kwanan nan ya naɗe laimarsa ya ce ya gama. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda bai taɓa jinya ba ba zai san darajar igiyar caja ba. Mutum ya fito gida a gigice da mai naƙuda, takalmi ma wari da wari, wa zai tuna da caja? Sai an ce a nemo jini, a kira miji, a sanar da uwa, sannan a duba waya a ga ta mutu. Kuma yawancin masu zuwa wurinmu ba su da halin mai tsada, ta araha za su saya. Kowa kuwa ya san halin ta araha. Ranar farko lafiya lau. Kafin mako ya zagayo sai an karkata ta, an danne da takalmi, an hana kowa tari a ɗakin, sannan ta kama. Idan ka koma wurin mai kaya ya ce maka ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Baba shi ma ta araha yake sayarwa, amma ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Abin da yake yi daban ne. Duk kwalin da dillali ya kawo, sai ya zura hannu can ƙasa ya zaro igiya ɗaya, ya sa reza ya yanka ta biyu a gaban mai kayan. Ya feɗe robar, ya baje silin ƙarfen da ke ciki, ya kankare ɗaya da bakin reza ya ɗaga wa rana. Idan ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske, kwali ya zauna. Idan ya kankare fari ya leƙo, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, irin wanda ke ɗaukar zafi, kwalin nan ko a kyauta ba ya kwana a rumfarsa.

Na taɓa tsayawa ina kallo, dillalin ya dafe kai. "Haba Baba, kullum sai ka yi mini yanka? Duk kasuwar nan kai kaɗai kake wannan abu. Wa zai leƙa cikin igiya?"

"Ni zan leƙa," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Mutanen can na ciki abin da ke gabansu ya ishe su. Kwashe kayanka, ɗana, ka gaida gida."

Igiyar da ta tsallake reza ce kawai take samun jan zare. Har ta kai masu shara a ɗakunanmu idan suka ga sabon mai jinya yana kokawa da caja sai su ce, tsallaka titi ka sayo mai jan zare. Wani direban motar asibiti ya rantse mini igiyarsa ta binne wayoyi biyu tana kan ta uku. Mai gadin ƙofarmu kuwa, da ba ya rasa abin faɗa, cewa yake igiyar Baba ko ta daina caja ta yi maka tazuge.

Kai ne, Baba, mai jan zare da ba ya ɗaura wa ƙarya. Abin da mutane suka raina har ba sa tambayar sunansa, kai ka ba shi rayuwarka. Wallahi na sha tsayawa a tagar ɗakinmu ina kallonka kana hura gam.

Sai dai tun bara na lura idonsa ya fara yana. Kana nesa ba ya gane ka sai ka yi magana. Na yi masa faɗa ya shigo a duba shi, ya ce sai ya samu sarari, kamar ba titi ɗaya ne tsakaninmu ba. A cikin wannan hali dillali ya kawo masa sabon kwali na wasu shuɗayen igiyoyi masu kauri da sheƙi. Baba ya yanka ɗaya kamar kullum, ya kankare, ya ɗaga wa rana. Ja ya gani. Farin da ke ƙarƙashi yana nan, idon ne bai kai ba. Ya naɗa musu zare, ya rataye, suka fara tafiya.

Ba a jima ba aka ji ƙauri a ɗakin maza. Wata shuɗiyar igiya ta narke a kan matashin wani tsoho, ta bar baƙin layi a jikin rigar matashin. Allah ya kiyaye ɗansa yana kusa ya fizge. Ɗan ya tsallaka titi da ita a hannu yana huci. Mai gadi ya ba ni labari cewa Baba ya shafa wuyan igiyar, yatsansa ya ji zaren. Bai ce laifin dillali ba ne, bai ce laifin kan caja ba ne. Cewa ya yi, "Tawa ce. Ka yafe mini."

Da wani ne da ya musanya wa mutum ɗaya, ya sauke sauran daga ƙusa, magana ta wuce. Baba rufe rumfa ya yi, ya cika jaka da tsofaffin igiyoyin da ya amince da su, ya shigo asibiti. Ɗaki ɗaki, gado gado, yana sallama yana cewa duk mai shuɗiyar igiya da jan zare ya ba shi ya karɓi wata. Wasu har gardama suke, tasu lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Lafiyar yau ce, kawo." Waɗanda aka sallama ya bi su ta bakin 'yan uwa da direbobin bakin ƙofa. Duk wadda ta dawo sai ya datse ta gida biyu kafin ya jefa a kwali, kada wani ya tsinta.

Da yamma ya same ni a bakin ɗakinmu. "Sista, saura ɗaya. Wani direban babbar mota ya saya wa matarsa, ya ce ta haihu a wurinki, ɗan fari."

Na san ta. Wata siririyar mai jego ce mai yawan kunya. Mijin yana kai ta gida ya kama hanya, ita kuwa ba ta rabuwa da waya don jiran kiransa. Sau nawa ina yi mata tsawa a kan ta daina sa waya a caja tana tura ta ƙarƙashin zanen jariri! Ta ce to, ina juya baya ta mayar. Na kira lambar da suka bari, ta mijin ce, ba ta shiga. Na sake kira har na gaji.

Na ce, "Baba, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ƙila ma tata ba za ta yi komai ba."

Ya ce, "Ƙila. Ke za ki kwantar da jikanki a kan ƙila?"

Washegari ranar hutuna ce, na yi niyyar wanki. Sai ga ni a bayan tasi tare da shi ina mita. Direban tasin da ya kai su gida ne, ya tuna unguwar amma bai san gidan ba, don a bakin lungu ya sauke su, mota ba ta shiga. Lungu ne mai rassa, kwata a tsakiya, ƙofofi duk kama ɗaya. Ni mai ido ina tuntuɓe, balle shi. Ya dafa bango yana tafiya, kowace ƙofa ya tsaya ya yi sallama ya tambaya ko nan ne aka yi sabuwar haihuwa, mijin direba. Wani gida a ce ba nan ba, wani a yi mana kallon masu neman taimako. A wani gidan aka kai mu har ɗaki, muka tarar da jariri mai haƙora. Rana ta take, ƙafata ta kumbura, na ce mu koma gobe. Shi kuwa sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba.

Wata mai ɗinki ce ta cece mu. Ta leƙo daga kan kekenta ta ce, "Mai kunyar nan? Ai ni na ɗinka mata kayan jariri. Ku bi nan, gidan da aka shanya ƙananan riguna."

Surukar mai jegon ce ta buɗe mana. Ta ce mai jegon tana bayan gida tana wanki, yaro yana barci. Na ce ina wayarta? Ta ce tana ɗaki a caja. Ban jira an ce mu shiga ba. Jaririn yana kwance a kan katifa, ya dunƙule hannu, ga shuɗiyar igiya ta fito daga soket ta bi gefen katifa ta shige ƙarƙashin zanen da aka naɗe shi. Baba bai ga komai ba, hanci ne ya kai shi. Ya durƙusa, ya laluba, ya kashe soket, ya ɗaga zanen a hankali. Da na taɓa igiyar sai da na yarfe hannu. Robar ta yi laushi kamar cingam, soson katifar ya fara ja a ƙarƙashinta, tazarar yatsu kaɗan daga kunnen yaron. Shi kuwa ko motsi bai yi ba, barcinsa yake sha.

Shekaru ina karɓar haihuwa, na ga abubuwa, ba na kuka a gaban mutane. Ran nan na zauna a ƙasan ɗakin mutane na yi. Mai jegon ta shigo da kumfa a hannu, ta ga abin da ya faru, ta sure ɗanta. Surukar sai salati take tana sa wa Baba albarka. Shi kuma ya ciro wata igiya daga jaka, ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "'Yata, ga wannan. Amma ko ita kada ki ƙara kwantar da ita kusa da shi. Ki yafe wa tsoho."

A tasi muna dawowa ya ce mini ya bar sana'a. Na ce haba, a yi maka aikin ido mana, ko ka samu wani ya riƙa duba maka. Ya ce aikin ido ya yarda, in kai shi. Amma zaren nan shaida ce, kuma ba a ba da shaida a kan abin da wani ya gani.

Baba, kai ne ka koya mini cewa kayan talaka ma suna da haƙƙi. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, ka bi shi da ƙafa har ɗakin da ya ɓuya, ba wanda ya sa ka, ba wanda zai kama ka da ka yi shiru. Na gode a madadin masu jinyar da wayarsu ta kira jini a kan lokaci, na gode a madadin matan ɗakina. Allah ya buɗe idon, ya sa ka huta cikin 'ya'ya da jikoki.

Ku kuma masu sayar da caja, da masu sayar da komai, da mu masu farin kaya, ban ce ku zama shi ba, don na san da wuya. Amma ku leƙa cikin abin da kuke miƙa wa mutane, kuma idan ya fita daga hannunku da aibu, ku tashi ku bi shi. Jiya mai jegon ta kawo yaron rigakafi. Ya yi ɓul-ɓul, na duba kunnuwan nan biyu ciki da waje, ban samu abin kushewa ba.