Sa hannun da Nasiru ya manta

Jama'a, yau an aiko wa abokinmu marigayi Nasiru amsa, kuma a wayata ta sauka!

Kun tuna gyaran da ya yi wa kernel, wato zuciyar manhajar kwamfuta? A wani linked list ne, wato jerin bayanai masu sarƙe da juna. Iterator ɗin da ke bin jerin ɗaya bayan ɗaya yakan kai ƙarshe bai samu abin da yake nema ba, amma a ci gaba da aiki da shi kamar ya samu. Nan take kwamfuta ta ɗauke. Sati uku ya yi a ɗakinsa na Bagama yana farautar kuskuren. Da ya tura gyaran, ya haɗa da imel ɗina. Bayan kwana biyu ya yi haɗari a hanyar Lambata.

Ɗazu ina cikin motar Abuja, sai ga saƙon mai duba gyare-gyaren: "Aikinka ya yi kyau, Nasiru. Amma ka manta layin sa hannu. Ka ƙara, ka sake turowa."

Wallahi sai da na sauka daga motar!

Na sanar da shi rasuwar. Ya yi ta'aziyya, ya ce a ƙa'idarsu ba a sa wa wani hannu, sai dai in sake turawa da sunana.

Na wuce wajen mahaifiyarsa, na gaya mata.

Ta ce, "Aikin nasa ya yi daidai?"

Na ce, "Ya yi, Mama."

Ta ce, "To sa sunanka, ɗana, kada wahalarsa ta tafi a banza."

Ga ni gaban kwamfuta tun la'asar. Na kasa goge sunansa.