Bakwai Cikin Goma na Mai Famfo

Shekara ashirin da shida ya yi yana durƙusa a gindin famfunan tuƙa-tuƙa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, ya koma Mai Famfo. Hannunsa ya san ƙarfe kamar yadda harshe ya san haƙoransa. In ya ɗora kunne a jikin bututu, ya sa aka tuƙa sau biyu, zai ce maka roba ce ta cinye ko sarƙa ce ta tsinke, kuma in an buɗe haka za a tarar.

Abu ɗaya ne ba shi da shi, takarda. Ofishin ruwa ya nemi wanda zai riƙa duba aikin masu gyara, aka ce sai mai difloma, aka kuma ce kujerar za ta jira shekara biyu kawai. Shi ya sa yana da shekara arba'in da tara, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ya sayi jaka da biro ya shiga kwalejin fasaha. 'Yan ajinsu suka sa masa Baba tun ranar farko. Uwargidansa kuwa, in ya rataya jaka da safe, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan makaranta, a dai kula kar a zane min kai."

Lissafi bai ba shi tsoro ba, zanen injina ma ya ji daɗinsa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne kundin bincike na shekarar ƙarshe, wanda in ba a karɓe shi ba babu difloma, kujerar kuma ta tafi. Ya zaɓi abin da ya sani: me ke kashe famfunan tuƙa-tuƙa da wuri. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ya fara da abin da wasu suka rubuta, ya tura shi ɗakin karatu.

Ɗaki ne dogo mai tagogi shida, da fanka ɗaya da ke kuka in ta juya, da kwamfutoci a jere jikin bango. Mai kula da shi mace ce siririya, mai tabarau a saman goshi, wadda ɗalibai ke kira Malama Wa-ya-ce, saboda ba a gama jimla a gabanta ba tare da ta yi wannan tambayar ba. Ita ta koya masa yadda ake neman abu a intanet da kalmomi uku maimakon dogon labari, da yadda ake duba shekarar da aka buga abu, da yadda ake rubuta sunan mai magana a ƙasan maganarsa.

Ranar wata Talata ya zo teburinta yana murmushi, da takardu uku a hannu.

"Malama, yau na kamo babban kifi. Famfo bakwai cikin goma suna lalacewa kafin shekara biyu, kuma roba ce ke kashe su. A kan wannan zan gina aikina duka."

"Wa ya ce?"

"Mutum uku. Ga shafin intanet, ga kundin wani ɗalibi, ga rahoton wata ƙungiya. Shaida uku, Malama, ko alƙali ya karɓa."

Ta sauko da tabarau kan hanci, ta bi ƙasan shafi na farko da yatsa. "Wannan daga ina ya ce ya samo?"

Ya duba. "Daga kundin ɗalibin."

"Ɗalibin fa?"

Ya juya takarda. Murmushin ya ɗan ja baya. "Daga rahoton ƙungiyar."

"To, Baba, kai ne mai ruwa. In ka ga famfo uku a layi ɗaya suna zubo da ruwa mai ja, me kake cewa?"

Ya yi dariya har fankar ta ji kunya. "Tankinsu ɗaya."

"Sai mu je mu leƙa tankin."

A ƙasan shafi na goma sha huɗu na rahoton akwai ƙaramin rubutu kamar sawun tururuwa, yana nuna wata mujalla da aka daina bugawa shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba ta a intanet. Malama ta ɗauki makulli, ta kai shi ɗan ɗakin baya inda kwalaye ke jibge har rufi, suna warin tsohuwar takarda. Kwana biyu yana zuwa bayan darasi yana buɗe kwali yana atishawa. A rana ta uku da hantsi ya same ta.

Labarin shafi ɗaya ne da rabi, da hoto a tsakiya. Wani mutum ne durƙushe a gindin famfo, sifana a hannu, hula ta karkace gefe, gemu baƙi wuluk. A ƙasa an rubuta: Wani mai gyaran famfo ya shaida mana cewa kamar bakwai cikin goma ne ke lalacewa kafin shekara biyu, galibi saboda roba.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya san hular. Uwargidansa ce ta jefar da ita da kanta, ta ce ta ishe ta da wanki.

Sai ranar da aka ɗauke shi hoton ta dawo masa gaba ɗaya. Rana ta take, yana da famfo biyu da ke jiransa a wata unguwa, wata baƙuwa mai littafi da kyamara ta tsaya a kansa tana ta tambaya. Don ta tafi ya samu ya ƙarasa aikinsa ya ce, "To, kamar bakwai cikin goma." A satin nan ya canja roba sau uku a jere, shi ya sa roba ce ta zo masa baki. Bai ƙirga komai ba. Maganar da ya jefar don ya rabu da baƙuwa ta tashi ta yi tafiyar shekara goma sha biyu, ta sa riga da wando, ta shiga rahoto, ta dawo ta same shi a ɗakin karatu, shi kuma ya tashi tsaye ya gaishe ta.

Malama ta leƙo ta kafaɗarsa, ta dubi hoton, ta dubi fuskarsa, ta zauna a kan kwali tana dariya har da hawaye.

"Baba, shekara goma sha takwas ina tambayar wa ya ce. Yau ne karon farko da wanda ya ce ɗin ya tsaya a gabana."

Shi ma ya yi dariyar, amma a hanyar gida ta ƙare. Sati biyar ya rage a miƙa kundi, ga ginshiƙinsa ya zama iska.

Uwargida ta saurare shi tana ninke kayan wanki. "Ni ban ga abin damuwa ba, Malam. Kai ka faɗa, kai ne kuma ka fi kowa sanin famfo. An buga a wuri uku. Ka rubuta abinka, wa zai tono kwali?"

"Ni na tono," in ji shi. "Kuma na san yadda na faɗe ta. Da yunwa na faɗe ta."

"Ashe yunwarka ma ta shiga littafi," ta ce, ta miƙa masa riga ya riƙe mata gefe.

Washegari ya gaya wa Malama cewa ba shi da sauran madogara. Ta tambaye shi ko ya taɓa rubuta gyare-gyarensa a wani wuri. Ya ce shi ba mai littafi ba ne, abin da yake yi kawai shi ne duk famfon da ya buɗe, kafin ya rufe, sai ya ɗauki ƙusa ya karta alama a cikin murfin ƙarfen, don in ya dawo ya tuna: zobe in roba ce, gicciye in sarƙa ce, layi a tsaye in sandar ciki ce, da shekara a gefe. Masu gina famfo kuma, tun siminti na ɗanye, sukan rubuta ranar da suka gama a gindinsa.

Malama ta cire tabarau gaba ɗaya. "Baba, kana da ɗakin karatu a warwatse cikin gari, ka zo kana shaƙar ƙura a nawa."

Sati uku ya yi a kan babur. Ya riƙa zuwa da sassafe lokacin da mata ke layi da bokitai, ya roƙi a ba shi minti goma, ya kwance murfi, ya goge tsatsa da tsumma, ya ɗauki hoto da waya, ya share ƙasa daga kan siminti ya karanta shekara. Wasu alamun ya gane su kamar tsofaffin abokai. Wasu tsatsa ta cinye, waɗannan Malama ta ce kar ya yi musu ƙarya, ya rubuta cewa ba su karantu ba. Ta kuma sa ya faɗa tun a shafin farko cewa famfunan da shi ke gyarawa kaɗai ya ƙirga, ba na duniya ba.

Famfo arba'in da shida suka karantu. Goma sha tara ne suka lalace kafin shekara biyu, wato kusan huɗu cikin goma. Abin da ya fi ba shi mamaki, gicciye ya ninka zobe. Sarƙa ce ke tsinkewa, saboda ba mai shafa mata giris. Shekara da shekaru yana ɗora wa roba laifi, ita kuwa baiwar Allah tana can ƙasan rijiya tana aikinta.

Ranar kare kundi malamai uku suka zauna a bayan dogon tebur. Na tsakiyar, mai sanƙo da jan biro, ya buɗe shafi na shida ya ce, "Ka ce ba ka yarda da adadin da ke cikin rahoton da aka buga ba. Kai ɗalibi, da wane ƙarfi kake ƙaryata shi?"

"Ranka ya daɗe, na san mutumin da ya faɗa. Mutumin kirki ne, amma ranar bai ƙirga ba."

Ya ajiye musu hoton mujallar, ya gyara hularsa ta karkace gefe, ya tsaya. Mai jan biro ya dubi hoto, ya dubi mutum, ya tura wa na damarsa, na dama ya tura wa na hagu. Sai da suka gama dariya sannan suka shafe rabin awa suna tambayarsa a kan zobe da gicciye, ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya kamar yana kwance ƙusoshin murfi. Aka karɓi kundin ba gyara sai na waƙafi biyu.

Kujerar ofishin ruwa ta same shi da sauran wata ɗaya a wa'adinta. Umarninsa na farko shi ne a ajiye gwangwanin giris wajen matar da ta fi kusa da kowane famfo. Ya kuma rubuta wa ƙungiyar nan wasiƙa, da hoto a ciki, yana ba su haƙuri a madadin wani mai gyaran famfo.

Kwafi ɗaya na kundin ya kai wa Malama da kansa, daga wurin aiki ya biyo. Da ya miƙa mata sai ga shatin babban yatsansa baƙi a kan farin bangon kundin. Ya ciro tsumma zai goge, ta janye kundin.

"Bar shi, Baba. In wani ya zo ya tambaye ni wa ya ce, sai in nuna masa."

Ta ɗora shi a kan kantar littattafai ta biyu, kusa da taga. Shi kuma ya fita ya tayar da babur, don akwai famfo a bayan makarantar firamare da aka ce tun jiya yake kuka in an tuƙa.