Gonar da Yaya Garba ya yi wa gada

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Garba. Jama'a sun san shi da aikin gwamnati da gidansa na Nasarawa. Ni kuwa gonar dajinsa zan yi magana a kai, domin a wannan shekarar aka yanke hukunci a kanta, kuma ni aka sa na yanke.

Fili ne a kudancin Kano, a bakin wani rafi. Yaya mafarauci ne mai lasisi da bindiga mai baki biyu, amma ba ya son bin dabba cikin ƙaya. Yakan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi kuwa gwiwarsa ta daina gudu, gara naman ya zo da ƙafarsa. Saboda haka ya ware gefen gabas ya riƙa noma wa namun daji abinci.

Tun kafin ruwan farko yake tsara aikin, a tsakar gidansa, da sanda a kan yashi. Ruwa yake fara dubawa: ta ina dabba ke gangarowa rafi. Bayan ruwa sai maɓoya, wato duhuwar da ba a sara, don gada ba ta kiwo a fili fetal. Sannan shuka: wake a dogon layi kusa da duhuwar, gyaɗa a bayansa, dawa kaɗan saboda zabi da fakara. Ba a girbe ko ɗaya. Itatuwan gawo kuwa ba a taɓa su, 'ya'yansu ne abincin rani. Kanwar lasa ce ta ƙarshe, a kan kututture. Sai an gama duk wannan yake zaɓar inda zai zauna, ta yadda iska ba za ta kai warinsa gonar ba.

Ba ya harbi da damina. Ba ya harbin mace mai ɗa a bayanta. Wata shekarar ma ko harsashi ɗaya ba ya fasawa. Hajiya, matarsa, takan ce, "Alhaji, kai da ka noma wa dabba wake, ka dawo mana da kifin kasuwa." Sai ya ce, "Sun ce a gaishe ki."

Da ya rasu, gonar ta faɗo a rabon babban ɗansa, Nura. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Nura bai gaji bindiga ba, noman masara ya sa a gaba. Yaro ne da ya tashi a unguwar da duk abin da ba shi da katanga ba a ɗauke shi na kowa ba. Ya kewaye filin da waya. Ban ga laifinsa ba, domin a lokacin maƙwabta sun fara cin iyaka, kunya ɗaya bana, biyu baɗi. Abu guda na roƙa, ya bar ƙofa a gabas ta wajen rafi. Ya bari. Ni kuma na ci gaba da shuka waken bisa tsarin Yaya, ban sauya komai ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ƙofar nan awaki suka fara, shanu suka biyo, daga baya masu babur suka mai da ita hanya. Bara an cinye kusan rabin masarar gefen. Nura ya same ni a gida ya ce, "Baffa, ba zan rufe ba sai da izininka. Amma don Allah, yaushe rabonka da ganin gadar nan?" Na ce ya ba ni rani ɗaya.

Na yi ta zuwa ina duba ƙasar bakin rafi. Sawun shanu na gani, da na awaki, da tayar babur. Na zabi ya ragu ƙwarai. Sau ɗaya na ga wani ɗan ƙaramin kofato da ya yi kama da na gada, amma ba zan rantse ba, yana iya zama na ɗan akuya. Duhuwar da ke ƙetaren rafi ta zama gawayi, inda kuma muke jin kukan fakara yanzu injin niƙa ake ji.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce in ya ga haka. Ba na jin zai yi faɗa. Mutum ne mai bin abin da ƙasa ta nuna masa. Ina zaton zai tsaya ya dubi sawun, ya ce wake ba ya haifar gada, kiranta kawai yake yi, in babu ita a daji babu wanda zai amsa. Amma kuma ba na jin zai yarda a ce ta ƙare alhali ba a tabbatar ba.

Bindigarsa an mayar wa hukuma. Kututturen kanwa gara ta cinye. Abin da ya rage nasa shi ne ɗabiar nan ta ba dabba haƙƙinta kafin a nemi namanta, da ɗan da ya mallaki fili amma ya ƙi rufe ƙofa sai ya ji ta bakin ƙanin ubansa. Allah Ya haskaka kabarin wanda ya yi wannan tarbiyya.

A makon jiya na ce wa Nura ya rufe. Na je da kaina na tsaya a kan masu aikin. Sharaɗi ɗaya na sa: wayar ƙasa a ɗaga ta kamu ɗaya da rabi daga turɓaya, tsawon layin wake. Saniya ba za ta wuce ba, babur ba zai wuce ba. Gada kuwa, in har akwai ta, ta iya durƙusawa.